Anti, ashe ni ma ina nuna bambanci a ajina ban sani ba

Salamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah kar ki saka sunana. Ni malamar nazare ce, wannan ce shekarata ta biyu a aikin, ajin 'yan shekara uku zuwa huɗu ne a hannuna, su 24, ni da wata mai taimaka min. Farkon zangon nan aka kawo min wani yaro ɗan shekara huɗu mai lalura, ɓarin jikinsa na hagu ba ƙarfi, yana jan ƙafa, maganarsa ba ta fita sosai kuma miyau yakan zubo masa, mamansa ta ce likitoci sun ce tun wajen haihuwa ne abin ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Sai kuma wata yarinya da iyayenta suka dawo daga wani wuri, ba ta jin yaren da muke yi a aji ko kaɗan, wata biyu kenan ban ji muryarta ba. Yara sun fara cewa ba za su zauna kusa da yaron ba, in an fita wasa shi kaɗai ake bari a bakin baranda. Iyaye biyu sun zo sun ce a raba 'ya'yansu da shi kar su ɗauka, ɗaya har tana cewa za ta cire ɗanta. Mai taimaka min ta ce in aje shi a bayan aji in ba shi abin wasa mu samu mu koyar da sauran. Shugabar makaranta kuma ta ce in yi haƙuri in lallaɓa kowa. Amma abin da ya fi damuna Anti, ranar nan wata yarinya ta ce min "Anti ai ke ma ba kya ɗaukar sa, su wance kawai kike ɗauka." Wallahi na rasa bakin magana don gaskiya ta faɗa. Akwai yara kamar biyar masu tsafta masu surutu da nake ji da su, su nake kira su nake rungumewa, ni da kullum nake cewa kowa ɗaya ne a wurina. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ya zan yi in daidaita ajin nan, ko dai aikin ne ba nawa ba in haƙura?

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada.

Maganar barin aiki dai ki aje ta gefe. Malamar da aikin nan bai dace da ita ba, da yarinyar nan ta faɗa mata haka tsawa za ta daka mata ta ce rufe min baki mara kunya, ta koma gida ta yi barcinta lafiya lau. Ke kuwa maganar 'yar shekara huɗu ce ta hana ki runtsawa har kwana biyu. Irinku ake nema a ajin yara, don haka zauna mu yi magana.

Da ke zan fara kafin in zo kan yaron da iyayen, saboda a nan ne ba kya buƙatar izinin kowa. Ba wani zunubi kika yi ba don ranki ya karkata ga wasu yara, babu malamar da ba ta da 'yan gaban goshi a zuciyarta, duk wadda ta ce miki ba ta da su toh ba ta duba da kyau ba ne. Yaro mai fara'a da zai rugo da safe ya ƙanƙame ki yana Anti Anti, dole ranki ya yi fari, zuciya ba a yi mata dole. Amma hannunki da idonki da bakinki, waɗannan kam kina da iko da su, kuma su yaran nan suke karantawa tun kafin su iya karanta harafi ɗaya a allo. Kin gani ai, ba wanda ya koya wa yarinyar nan lissafi amma ta ƙirga wa kike ɗauka wa ba kya ɗauka tsaf. Yaran da suke gudun yaron nan wani ɓangare na abin daga gida suka kwaso, wani ɓangaren kuma daga gare ki, ba da bakinki ba, da yadda kike ɗan ja da baya in ya matso.

Ga abin da nake so ki yi sati mai zuwa. Ki samu takarda ki jera sunayen yara 24 ɗin nan, ki ba mai taimaka miki ko ki aje a kan teburinki, duk yaron da kika kira ya ba da amsa a yi masa alama, wanda kika yaba a yi masa alama, wanda kika dafa ko kika runguma a yi, wanda kika yi wa faɗa ma a yi masa wata alamar daban. Kar ki canja komai a kwana biyun farko, ki yi yadda kika saba. Ranar ƙarshe ki zauna ki duba. Za ki ga biyar ɗinki sun cika da alamar yabo, za ki ga wasu uku ko huɗu sun cika da ta faɗa, sannan abin da zai fi taɓa ki, za ki ga wasu sunaye fayau ba ko ɗigo. Su ne yaran nan masu shiru da ba sa rigima ba sa surutu, suna zuwa suna tafiya ba wanda ya san sun zo. Ni da na yi wannan ƙirgen a ajina shekarun baya, akwai yarinyar da na samu sati guda cur ban ambaci sunanta ba in ba wajen kiran rajista ba, kuma da an tambaye ni kafin nan rantsuwa zan yi ina kula da ita. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Kar ki ɗauka ƙaramin abu ne. A shekarar 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare, inda suka ce wa malamai ga sunayen wasu yara nan, jarabawa ta nuna bana za su yi fice, alhali sunayen tsinto su kawai aka yi kamar ƙuri'a. Da shekara ta zagayo sai aka ga yaran nan sun fi sauran ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. An yi ta muhawara a kan girman abin daga baya, an ga bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, amma tushen maganar yana nan: yaron da malama take sa ran alheri daga gare shi ta fi yi masa murmushi, ta fi jiran amsarsa, ta fi ba shi abu mai ɗan wuya ya gwada. Wanda ta riga ta yanke wa hukunci a ranta kuma sai ta dinga tsallake shi ba tare da ta lura ba.

Yanzu kalmar nan taki ta "kowa ɗaya ne a wurina". Na san da kyakkyawar niyya kike faɗa, amma ita ce ta bar yaron nan a bakin baranda. Kin buɗe ƙofa kin ce kowa ya fita wasa, kowa ɗaya, sai ashirin da uku suka ruga shi ya kasa. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Abin da ya kamata ya zama ɗaya shi ne kowane yaro ya samu shiga abin da ake yi, ko da hanyar da zai bi ya shiga ta bambanta da ta ɗan uwansa. In kin riƙe wannan, sauran duk dabaru ne kuma yawancinsu ba sa cin ko sisi.

Bayanin da kika yi na yaron ya yi daidai da abin da likitoci ke kira serebiral falsi, wato rauni ne da ya samu ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki ko wajen haihuwa ko a farkon rayuwarsa, sai ya shafi yadda yake sarrafa gaɓoɓinsa. Abu na farko da nake so ya zauna miki, nauyin baki ba rashin fahimta ba ne. Da yawa daga cikin yaran nan kansu yana ja sosai, bakin ne da hannun ba sa bin umarni da sauri. Toh in aka aje shi a bayan aji da abin wasa, an yanke masa hukuncin bai iya ba tun ba a gwada shi ba, kuma an koya wa yara 23 cewa haka ake yi da mutum in ya zama daban. Wannan darasin sai ya fi duk abin da za ki rubuta a allo zama a kansu.

Ki dawo da shi cikin da'ira, kusa da ke amma ba manne da ke kullum ba. Ya samu kujerar da bayansa zai jingina ƙafafunsa su taka ƙasa, in ba su kai ba ki sa masa ɗan akwati ko tarin tsofaffin littattafai ya ɗora, yaron da yake fama da kar ya faɗi ba shi da sauran hankalin da zai saurare ki. Fensirin kala ki naɗe masa da tsumma ko selotef ya yi kauri ya riƙu, takardar kuma ki manna ta a tebur tunda hannun hagun ba zai iya danne ta ba. Maganar miyau, ki roƙi mamansa ta dinga saka masa hankici biyu ko uku, ki koya masa gogewa da kansa, in kuma ke za ki goge masa ki goge kamar yadda kike goge majinar kowane yaro, kina hira kina yi, ba yatsine fuska ba riƙe hankicin da yatsa biyu. Idanuwa arba'in da wani abu suna kallon fuskarki a wannan lokacin.

In kin yi masa tambaya ki jira. Wata malama mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan tun shekarun 1970, ta ga malamai kamar sakan ɗaya kacal suke jira bayan sun yi tambaya kafin su maimaita ko su wuce kan wani, kuma da aka sa suka ƙara jiran ya kai sakan uku ko fiye sai amsoshin yara suka yi tsawo, waɗanda da ba sa magana ma suka fara ɗaga hannu. Shi naki yana iya buƙatar sakan goma. Ki ƙirga a zuci. Kar ki ƙarasa masa magana, kar ki bari 'yan surutun nan su ƙarasa masa, ki ce "muna jiran sa, yana da abin faɗa." In ba ki gane ba kar ki yi ƙaryar kin gane, yara suna ganewa, ki ce ya nuna miki da hannu ko ki ba shi zaɓi biyu ya nuna ɗaya.

Wajen wasa kuwa ba za ki hana sauran gudu saboda shi ba, hakan sai ya sa su tsane shi. Ki dai tabbatar kullum akwai wasa ɗaya mai daɗi da ake yi a inda yake, mirgina ƙwallo a zaune, gini da bulo, wasan yashi, wasan ruwa da kofuna, sannan ke da kanki ki je ki zauna a wurin. Duk inda Anti ta zauna nan yara suke taruwa, wannan kin fi ni sani. Ba sai kin ce kowa ya zo ba, za su zo. Ki kuma ba shi aiki a aji irin wanda yara ke rububi, shi ne mai kaɗa ƙararrawa yau, shi ne mai raba fensir gobe, don su saba zuwa wurinsa neman abu.

Akwai kuskure ɗaya da masu kirki irinki suke faɗawa, ina so in ja miki kunne tun yanzu. Kar tausayi ya sa ki mai da shi jaririn aji, a dinga ɗaukar sa ana cire masa takalmi ana cewa Allah sarki duk motsin da ya yi. Abin da zai iya ki bar shi ya yi ko zai ɗauki minti biyar. In ya ƙwace abin wani ko ya yi duka ki tsawatar masa kamar kowa, wannan ma girmamawa ce. Sannan ki zauna da mamansa ki tambaye ta me yake so, me yake ba shi tsoro, ya yake nuna yana son shiga banɗaki, in yana zuwa gashin ƙashi a asibiti me suka ce game da zamansa da tsayuwarsa. Shekara huɗu tana tare da shi, ta fi mu duka sanin sa. Ki kuma tuna mata a duba idonsa da kunnensa in ba a duba ba, don yara masu wannan lalurar sukan haɗa da matsalar gani ko ji.

Su kuma yaran, in sun yi tambaya ki amsa. Mu manya mun saba in yaro ya ce "me ya sa yake tafiya haka" sai mu ce kai yi shiru ba kyau, toh abin da yaron ya fahimta shi ne akwai wani abin kunya a nan da ba a faɗa. Ki ce masa kawai, ƙafarsa ta hagu ba ta da ƙarfi kamar ta dama shi ya sa yake tafiya a hankali, haka aka haife shi, ba a ɗauka, kuma yana son motoci kamar kai. Shi ke nan, ya wuce wasansa. Masu cewa yara ƙanana ba su san bambanci ba, ba su zauna da su ba ne. Tun shekarun 1940 Kenneth Clark da matarsa Mamie Clark suka yi gwajin 'yar tsana a Amurka, suka aje wa yara baƙar fata 'yan shekara uku zuwa bakwai 'yan tsana farare da baƙaƙe, akasarin yaran suka zaɓi farar a matsayin mai kyau. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, daga abin da suke gani ne suka tsinta. Har kotun ƙolin ƙasar ta yi la'akari da irin wannan binciken a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Toh ki duba 'yan tsanan ajinki da hotunan bango da littattafan labari, akwai wanda ya yi kama da yaron nan? Akwai mai sanda ko keken guragu ko tabarau yana yin abin da kowa ke yi? In babu ki zana da hannunki, ko cikin labarin da kike ba su ki saka irin wannan yaron ya zama shi ne ya gano inda aka ɓoye abu, ba wanda ake taimako kullum ba.

Ki kafa doka guda a ajin, a nan ba a cewa ba za ka yi wasa da mu ba. Ba za ki iya tilasta wa yaro ya so wani ba, amma za ki iya hana kora. Wanda ya ce masa ƙazami kar ki dake shi kar ki kunyata shi gaban aji, in kin yi haka haushin a kan yaron zai huce. Ki durƙusa daidai tsawonsa ki ce wannan kalmar tana sa mutum baƙin ciki, ba ma faɗar ta a nan, miyau ne kuma kowa yana da shi. Za ki maimaita sau hamsin, haka aikin yake, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyayen nan biyu ki gan su ɗaya bayan ɗaya, kar ki haɗa su, kuma kar ki shiga da faɗa. Tsoro ne yake damun su, uwa ce take jin wani abu zai samu ɗanta. Ki bari ta gama magana sannan ki ce mata lalurar nan ba ƙwayar cuta ba ce da za ta tashi daga jikin wani ta shiga na wani, ba a ɗaukar ta ta miyau ko taɓawa ko zama kusa, in tana shakka ta tambayi duk likitan da ta yarda da shi. Wata za ta ce ai ɗana ya dawo gida yana jan ƙafa, eh yara suna kwaikwayo, kwana biyu ne ya daina, kamar yadda yake kwaikwayon tafiyar kakansa. Amma ki kula, bayanin lafiyar yaron nan amana ce, ki fara tambayar mamansa me ta yarda a faɗa me ba ta yarda ba. Kuma kar ki yi musu alƙawarin za ki raba wurin zama. In kika matsar da shi yau saboda mutum biyu, gobe mutum biyar ne za su zo.

Shugabarku kuma, lallaɓa kowa ba matsaya ba ce, kuma bai kamata a bar malama mai shekara biyu a aiki ita kaɗai da wannan nauyin ba. Ki same ta cikin ladabi ki ce kina so in iyaye sun zo ta zauna tare da ke, bakinku ya zama ɗaya. Makarantar ce ta karɓi yaron, ita ya kamata ta tsaya masa. In kina son abin da za ki dogara da shi, akwai. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, sashe na 2 ya hana nuna wa yaro bambanci saboda naƙasa ko yare ko jinsi ko addini ko asali, sashe na 31 ya ce wasa ma haƙƙinsa ne. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 sun taru a garin Salamanka na ƙasar Sifaniya tare da hukumar UNESCO suka amince cewa makarantu na kowa da kowa su karɓi dukkan yara, makarantar ce za ta gyara tsarinta ya dace da yaro. Sai yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 2006, sashe na 24, ita ma ta nanata hakan. Ba wai ki je kina karanta mata doka ba, a'a, ki dai san cewa abin da kike nema ba son ranki ba ne ba kuma alfarma ba ce. Zai iya yiwuwa duk da haka uwar nan ta cire ɗanta. In ta cire ki yi musu fatan alheri, kar ki ɗora wa kanki, kar kuma ki bari a ɗora wa yaron.

Mai taimaka miki kar ki ɗauke ta muguwa. Gajiya ce take magana, yara 24 ba wasa ba, kuma tana da gaskiya cewa lokaci ba ya isa. Ki raba ajin rukuni huɗu a wasu lokutan, kuna zagayawa, yaron yana cikin rukuni kamar kowa, yau ke ce a wurinsu gobe ita. Ki nemi shawararta da gaske, ki ce ke kin fi ni daɗewa da yara, ya kike ganin za mu yi da zamansa? Mutum ya fi kare abin da aka sa hannunsa a ciki.

Yarinyar da ba ta magana, ita ce na fi jin tsoron a manta da ita saboda ba wanda ya kawo ƙararta. Yaro in ya shiga wurin da ake yaren da bai sani ba yakan yi shiru na makonni, wani har watanni, yana saurare yana tarawa, masana koyon harshe sun daɗe da sanin wannan. Tambaya ɗaya za ki yi wa mamanta, a gida tana surutu da yarensu? In tana yi toh hankalinki ya kwanta. In a gidan ma ba ta yi, ko ba ta juyowa in an kira ta daga baya, a kai ta a gwada kunnenta, don ruwa yakan taru a bayan dodon kunnen yara masu wannan shekarun ya rage musu ji ba tare da wani ciwo ba. Ki sa mamanta ta koya miki kalmomi goma na yarensu, sannu, zo, zauna, ruwa, banɗaki, ya yi kyau, ki rubuta yadda kika ji su, ranar da kika fara faɗa mata ɗaya ki kalli fuskarta. Ki koya wa ajin gaba ɗaya gaisuwar, ta zama ita ce mai abin da su ba su sani ba. Sunanta ki kira shi daidai yadda ake kira a gidansu, kar ki gajarta ko ki canja mata wanda ya fi miki sauƙi. Kar ki tsayar da ita gaban aji ki ce sai ta maimaita, waƙa da tafi da hotuna su za su fito da muryarta, galibi ma a wajen wasa za ki fara jin ta tana yi wa wata raɗa. Iyayen kuma in sun tambaye ki ko su daina yarensu a gida, ki ce a'a su ci gaba, yaron da ya yi ƙarfi a harshen gida ya fi saurin kama na biyu.

Tunda kin fara duba kanki, ki ƙara da waɗannan ƙananan. Maza ku ɗauko kujeru mata ku share, bulo na maza 'yar tsana ta mata, namiji ba ya kuka, duk irin waɗannan maganganun ki daina su. Ki bar kowa ya ɗauki kujera kowa ya yi shara. Sai yabon sabuwar jaka da sabon takalmi, wanda duk muna yi ba mu ankara ba, alhali akwai yaron da shekara za ta fita bai zo da sabon komai ba yana tsaye yana ji. Ki yabi abin da yaro ya yi da hannunsa, yadda ya jira layi, yadda ya ɗaga wanda ya faɗi.

In kin gama ƙirgen nan, ranar Litinin ki riga su zuwa ki tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ki sunkuya ki kira sunansa ki dafa shi, su 24 ɗin, har da mai majina har da wanda ya sa ki ciwon kai ranar Juma'a. Biyar ɗinki ba za ki rage musu komai ba, su ma ba su yi laifi ba. Yaron nan in ya iso ki rungume shi in yana so, in rigarki ta jiƙe ta jiƙe, za ta bushe. Farko za ki ji kamar kina tilasta wa kanki, ki ci gaba, sabo yana zuwa. Sannan ki nemi yarinyar nan da ta faɗa miki gaskiya, ki ja ta gefe ki ce mata abin da kika faɗa ranar nan haka ne, na gode, zan gyara. Bayan wata ɗaya ki sake yin ƙirgen nan na takarda ki rubuto min, ina so in ji sunaye nawa ne suka rage fayau, kuma ina so in ji kalmar farko da baƙuwar yarinyar nan ta faɗa miki.